Masunta Biyu da Kalmar Sirri: Yaƙi da Leƙen Asiri a Gajerun Labarai

  Masu sauraro, yau a filinmu na adabi da faɗakarwa ban zo da baƙo ba. Ni da ku ne kawai, sai wasu 'yan gajerun labarai da suka daɗe suna yi mini yawo a zuciya, waɗanda aka rubuta a kan yaƙi da kuma mutumin nan da kowa ke tsoro a lokacin yaƙi, wato ɗan leƙen asiri. A gyara zama, domin da labari zan fara.

A watan Satumba na 1870 sojojin Furushiya, wato Jamusawa, suka yi wa birnin Faris ƙawanya, ba shiga ba fita, har ƙarshen Janairun 1871. Yunwa ta kai mutanen birnin ga cin dawaki da kyanwoyi da ɓeraye, har giwayen gidan ajiye namun daji sai da aka yanka. Akwai wani saurayi Bafaranshe da aka ɗauka soja a wannan yaƙin, sunansa Guy de Maupassant, ana furta shi Mofasan. Bayan shekara goma sha biyu, a 1883, ya fitar da wani ɗan labari da ya sa wa suna Abokai Biyu.

Abokan nan, ɗaya mai gyaran agogo ne, ɗaya ɗan tireda mai sayar da zare da allura da maɓallai. Kafin yaƙi, kowace Lahadi sukan haɗu a bakin kogi da fatsarsu, su wuni suna kamun kifi, wani lokaci ko magana ba sa yi. Ana cikin ƙawanyar nan sai suka yi kiciɓis a titi, ciki ba komai, suka tuna da kwanakin baya. Kwaɗayin kogi ya taso musu. Ɗayansu ya san wani kanar, kanar ɗin ya ba su takardar wucewa da kalmar sirrin da za su faɗa wa masu gadi in sun dawo. Suka fita bayan gari, suka jefa fatsa, kifi kuwa ya yi ta kamuwa, igwa tana ta ruri daga kan tsauni, su kuma suna ta mita a kan masu mulki da ke jefa talaka cikin yaƙi. Ba su ankara ba sai ga sojojin Jamus huɗu a bayansu.

Hafsan Jamusawan ya dube su ya ce a wurinsa su 'yan leƙen asiri ne, kamun kifin duk basaja ce. Hukuncinsu harbi. Amma akwai mafita: su faɗa masa kalmar sirrin komawa birni, ya sake su, ba wanda zai taɓa sani. Suka yi shiru. Ya ja kowannensu gefe shi kaɗai ya lallashe shi. Shiru dai. Suka yi wa juna sallama, jiki na rawa, aka harbe su, aka ɗaura musu duwatsu a ƙafa aka jefa su cikin kogin da suke ƙauna. Hafsan ya hango ragar kifinsu a cikin ciyawa, ya kira kuku ya ce a soya masa tun suna da rai, ya koma kan kujera ya ci gaba da zuƙar lofensa. Labarin ke nan. Ba ya cin minti goma sha biyar a karatu.

Masu sauraro, ku lura da abin da Mofasan ya yi. A cikin labarin nan kaf babu ɗan leƙen asiri ko ɗaya. Sunan ne kawai aka liƙa wa talakawa biyu, kuma da aka liƙa, kashe su ya zama halal a dokar yaƙi. Hafsan ma ba mahaukaci ba ne, da hankalinsa, da ladabin magana, da Faransanci mai kyau a bakinsa. Abin da yake nema kalma ɗaya ce. Su kuma bayin Allah ba su taɓa ɗaukar kansu jarumawa ba, amma sun san kalmar nan in ta fita, ƙofar garinsu ce ta buɗe. Soya kifin nan da aka rufe labarin da shi ya fi mini ciwo a kan harbin, domin shi ya nuna cewa mutuwar mutum biyu ba ta rage wa hafsan nan ko ɗanɗanon abincin rana ba.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a labarin yaƙi. Muna da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar 1933 aka buga su a 1934, inda jarumi ke ba yara labarin yadda aka gwabza da Turawa, da kirari da bugun ƙirji. Ina son Ganɗoki, kuma kowace al'umma tana bukatar irin wannan muryar. Sai dai kakanninmu da suka ce yaƙi ɗan zamba ne sun san akwai wani yaƙin da ake yi a bayan fage, inda ba tambari ba algaita, sai raɗa da wasiƙa da magewayi da ya shiga gari da tallar goro. Wannan ɓangaren shi gajeren labari ya fi iya kamawa, kuma mutumin da ya fi kowa nuna mini dalili shi ne wani marubucin Ingila, Somerset Maugham, ana furta sunan nasa Mom.

An haifi Mom a Faris a 1874, ya yi karatun likita a Landan, amma ya bar allura ya kama alƙalami, ya yi suna a rubutun wasan kwaikwayo. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 ya fara da aikin motar ɗaukar majinyata a Faransa. A 1915 hukumar leƙen asirin Ingila ta ɗauke shi ta tura shi Suwizalan, ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba, saboda haka ta cika maƙil da 'yan leƙen asirin kowane ɓangare, suna kwana otal ɗaya suna cin abinci a zaure ɗaya. Ba a sha wahalar nema masa abin fakewa ba: marubuci ne da ya zo neman wuri mai shiru ya ƙarasa littafi. A 1917 aka sake tura shi Rasha, birnin Fetrograd, ya taimaka wa gwamnatin Kerenski ta tsaya da ƙafarta don kada Rasha ta fice daga yaƙin. Bai yi wata uku cikakku ba ya dawo gida da tarin fuka a ƙirji, 'yan Bolshebik kuwa suka ƙwace mulki. A 1928 ya tattara abin da ya gani ya mayar da shi jerin gajerun labarai a littafi mai suna Ashenden, sunan tauraron labaran. Ana ba da labarin cewa ya rubuta fiye da waɗanda aka buga, amma ya ƙona wasu bayan an gargaɗe shi cewa za su karya dokar sirrin gwamnati.

Wanda ya saba da finafinan leƙen asiri, da mota mai gudu da bindiga a aljihun kwat, zai sha mamakin Ashenden. Yawancin aikinsa zama ne da jira. Ya karɓi rahoto daga yaransa, ya biya su albashi, ya mayar da rahoton zuwa lambobin sirri, ya aika, ya jira. Wata tsohuwa da ke tsallako iyaka daga Faransa da man shanu da ƙwai zuwa kasuwar Janeba ita ke kawo masa saƙo, ya je kamar mai sayen man shanu, ta haɗa masa da 'yar takarda a cikin canji. Maigidansa wani kanar ne da ba a kiransa da suna sai da harafi ɗaya. Umarni ya zo, ya aikata, ba a gaya masa abin da ya jawo umarnin, ba a kuma gaya masa abin da ya biyo baya. Kamar mutumin da aka miƙa wa tsakiyar littafi an yage farko da ƙarshe.

To a nan ne sirrin yake. Dogon littafi yakan ɗauke ka daga haihuwa zuwa kabari, ya warware maka kowane ƙulli. Gajeren labari kuwa leƙe ne ta kafar ƙofa: ka ga abu ɗaya, ƙofa ta rufe. Haka rayuwar ɗan leƙen asiri take, haka ta ƙaramin soja a rami, haka ta matar da ke gudun hijira da goyo. Kowannensu ɗan yanki ya gani. Janar da masanin tarihi su ke da taswira gaba ɗaya. Shi ya sa idan wanda yaƙi ya bi ta kansa ya zo ba da labari da gaskiya, sau da yawa gajere yake fitowa.

Bari in ba ku biyu daga cikin labaran Ashenden. A na farko, an samu labari cewa wani Bagirke zai sauka a Italiya ɗauke da takardun sirri zuwa ga Jamusawa. Aka haɗa Ashenden da wani ɗan Meziko mai kiran kansa janar, mutum mai son turare da ado da mata, wanda kisa ba ya yi masa wuya. Aikin ɗan Mezikon ya tare Bagirken, aikin Ashenden ya biya kuɗi in an gama. Ɗan Meziko ya bi wani Bagirke tun daga tashar jirgin ruwa har birnin Nafoli, ya yi abota da shi, ya gama da shi. Suka birkice ɗakin mamacin suna neman takardu, ba su ga komai ba. A daren nan waya ta iso daga maigida. Ashenden ya zauna ya warware lambobin ɗaya bayan ɗaya, sai ga abin da ke ciki: mutumin da ake nema rashin lafiya ta tsare shi a Girka, ko jirgin bai hau ba. Wanda aka kashe wani bawan Allah ne matafiyi. Labarin ya tsaya a nan. Ba a gaya mana ko yana da 'ya'ya ba, ba a kai kowa kotu ba, ba wanda ya je ta'aziyya.

Na biyun ya fi tsaya mini a rai. Akwai wani lauya ɗan Indiya, Chandra Lal, da ke yaƙi da mulkin mallakar Ingila a ƙasarsa, ya haɗa kai da Jamusawa yana zaune a Balin. Ingilishi na nemansa ruwa a jallo. Sai suka gano yana son wata 'yar rawa Ba'italiya, Giulia Lazzari. Suka kama ta, suka ce ta zaɓa: ko shekaru a kurkuku, ko ta rubuta masa wasiƙa ta jawo shi. Aka kai ta wani gari a gaɓar tafkin Janeba ta ɓangaren Faransa, shi kuma ya zo Lozan a ɗaya gaɓar, inda dokar Suwizalan ta kare shi. Ruwa ne kawai tsakaninsu. Ashenden ya tsaya a kanta tana kuka tana rubutu, wata wasiƙar ma shi ya yi mata shifta. Chandra Lal ya san akwai tarko, amma so ya rinjaye shi, ya hau jirgin ruwa ya tsallako. Da ya ga an kewaye shi sai ya sha gubar da ke jikinsa ya mutu. Aka gaya wa Giulia, aka ba ta takardar tafiya. Kafin Ashenden ya fita sai ta roƙe shi abu ɗaya: agogon hannun da ta saya wa mamacin kyauta, mai tsada ne, ko za a dawo mata da shi.

Masu karatu sun daɗe suna gardama a kan agogon nan. Wasu sun ce ya nuna ba ta taɓa sonsa ba. Ni ban karanta shi haka ba. Mace ce da aka murƙushe, aka sa ta kashe masoyinta da hannunta, ta fito ba ta da kowa ba ta da komai, ga gobe tana jiranta da yunwa. Wanda bai taɓa shiga irin wannan halin ba ya yi hattara da yanke mata hukunci. Sannan ga wata tambaya da ta shafe mu kai tsaye, mu da Ingilishi ya mulka: a labarin nan wane ne maci amana? A idon kanar, Chandra Lal ɗan ta'adda ne. A idon mutanen ƙasarsa, mai neman 'yanci ne. Mom ma'aikacin daular Ingila ne, bai kuma yi tawaye ga daularsa ba, amma ya bar Ashenden ya furta cewa mutumin da ya tunkari ƙarfin Ingila kusan shi kaɗai ya cancanci a jinjina masa. Wannan adalcin na marubuci shi ya sa har yau ake karanta littafin.



A Amurka ma akwai wanda ya riga Mom. Ambrose Bierce ya yi yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865 a rundunar Arewa, har harsashi ya same shi a ka a 1864. A 1890 ya fitar da labarin wani manomi mai bayi daga Kudu da za a rataye a kan gadar jirgin ƙasa. Abin da ya kai shi nan, wani soja ne sanye da kakin Kudu ya tsaya ƙofar gidansa neman ruwan sha, matar gidan ta kawo masa da hannunta, ya ɗan tsegunta wa maigidan cewa gadar nan ba ta da tsaro sosai, ga busassun itatuwa sun taru a gindinta. Ashe sojan nan magewayin Arewa ne. Manomi ya haɗiyi ƙugiya, ya je ƙona gada, aka cafke shi. Sauran labarin ba zan ɓata muku ba, sai dai in ce duk wanda ya karanta shafinsa na ƙarshe ba ya mantawa.

Wani lokaci kuma sunan nan na ɗan leƙen asiri kan marubucin kansa yake faɗowa. Isaac Babel, Bayahuden Odesa, ya bi rundunar dawakin Rasha ta Sobiyat a yaƙinsu da Folan a 1920 a matsayin ɗan jarida, ya ɓoye asalinsa da sunan aro. Gajerun labaran da ya fitar a littafi a 1926 sun nuna sojojin juyin juya hali da jarumtarsu da kuma ta'asarsu a ƙauyuka, abin da ya ɓata wa kwamandan rundunar, Budyonni, rai ƙwarai. A 1939 'yan sandan ciki na Stalin suka kama shi, suka kwashe rubuce-rubucensa, suka tuhume shi da yi wa ƙasashen waje leƙen asiri. Aka harbe shi a Janairun 1940. A 1954 gwamnatin da ta kashe shi ta wanke shi, ta ce ba shi da laifi. Takardun da aka kwashe har yau ba a gan su ba. Abin da ya sami masunta biyu a ƙagaggen labari, shi ya sami Babel a zahiri, har da tambarin hukuma.

Mu dawo gida Nijeriya. Yaƙin basasarmu ya ɗauki wata talatin, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. Chinua Achebe yana ɓangaren Biyafara, ya yi musu aikin jakadanci, kuma a 1972 ya fitar da tarin gajerun labarai mai suna Girls at War, wato 'yan mata a fagen yaƙi. Labarin da ya ba littafin suna a kan wata yarinya ne, Gladys, da wani babban ma'aikacin gwamnati mai mota da direba. A farkon yaƙi ya same ta a shingen bincike, irin shingayen da aka cika hanyoyi da su saboda tsoron masu zagon ƙasa. Ta bincike motarsa tsaf, ba ta duba girmansa ba, ya ji haushi amma ta burge shi. Bayan wata goma sha takwas ya sake ganinta, yunwa ta shiga ƙasa, ita kuma ta koma gashin kanti da takalmi mai tsada, tana rayuwa a inuwar masu hali. Ya yi ta yi mata wa'azi a zuciyarsa, alhali shi ma but ɗin motarsa cike yake da abincin agaji da ya karɓo ta hanyar sanayya, talakawa na kallo. Da jirgin yaƙi ya kawo hari a hanya, kowa ya fice daga mota ya ruga daji, sai wani soja mai ƙafa ɗaya da suka rage wa hanya ya kasa buɗe ƙofa. Mai wa'azin ya ci gaba da gudu. Gladys ce ta juya. Bam ya same su tare.

Achebe bai rubuta wannan don ya wanke wani ɓangare ba, nasa mutanen ya sa wa madubi. Ko kana ganin yaƙin nan daga Inugu ko daga Kaduna, za ka gane mutanen da ke cikin labarin, domin yaƙi in ya daɗe haka yake yi wa kowace al'umma: mai faɗa a ji ya ƙoshi, yarinya ta sayar da abin da bai kamata ba, kowa ya riƙa kallon maƙwabcinsa da wutsiyar ido.

Wannan kallon na wutsiyar ido shi ya sa na zaɓi batun nan yau. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, har tsallaken iyaka wajen Maraɗi, akwai kalmar da ta shiga bakin kowa, yaro da babba: infoma. Ba zan yi muku ƙarya ba, infoma gaskiya ne. Akwai marasa tsoron Allah da ke zaune cikin jama'a suna gaya wa 'yan bindiga wanda ya sayar da shanu, da wanda ɗansa ya aiko da kuɗi, da hanyar da jami'an tsaro suka bi. Wanda aka sace masa uwa ko aka kashe masa ɗa saboda tsegumin irin waɗannan, ba mai iya gaya masa zafin abin. Allah ya tona asirinsu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Amma ku tuna da Bagirken nan na Nafoli. Waɗanda suka kashe shi ƙwararru ne, da kuɗi da wayoyi da lambobin sirri da daula guda a bayansu, duk da haka suka kashe wanda ba shi ba. To ina ga taron matasa a bakin kasuwa, da dare, rai a ɓace, an ce an ga wane yana waya a bayan gari? Kalmar infoma tana da sauƙin faɗa, kuma mai tsohuwar gaba a kan gona, ko bashi, ko neman aure, ya san haka sarai. Baƙo, da mai taɓin hankali, da wanda harshensa ko kamanninsa suka bambanta da na mutanen gari, su ne kan fara shiga hannu. In an riga an kashe mutum, ko gaskiya ta fito daga baya ba ta tashe shi. Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, kuma malamanmu kullum suna karanta mana Suratul Hujurati, inda aka umarce mu da bin diddigin labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci, aka kuma hane mu yawan zato da bin sirrin juna. Wanda ke da hujja a kan wani, ya kai ta ga mai unguwa ko dagaci da jami'an tsaro, a bincika. 'Yan sa-kai da ke sayar da ransu don kare garuruwansu, muna ganin ƙoƙarinku, don Allah kada ku bar wani ya ari hannunku ya biya bukatar gabarsa.

Sauran maganata ga marubutanmu ce, na Kano da Zariya da Gusau da Damagaram, da masu rubutu a waya suna watsawa a WhatsApp da Facebook, da 'yan uwa mata da ke shiga gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Mofasan da Mom da Babel da Achebe ba su jira sun fahimci yaƙi gaba ɗayansa ba kafin su rubuta. Kowannensu ya ɗauki abu ɗaya da idonsa ya gani ko kunnensa ya ji, ragar kifi, agogon hannu, ƙofar mota da ta ƙi buɗuwa, ya gina labari a kai. Irin waɗannan abubuwan suna nan zube a gidajenmu. Kakanninmu da aka kai ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu kusan duk sun tafi da nasu labaran a ciki, abin da ya rage mana sai 'yan guntaye a bakin jikoki. Waɗanda suka yi yaƙin basasa, akasarinsu yau sun haura saba'in. Ga waɗanda suka je Laberiya da Saliyo, ga na Sambisa da bakin tafkin Chadi, ga matan da ke sansanonin gudun hijira a Maiduguri da Difa, ga direban da ke bin hanyar Birnin Gwari kullum da addu'a a baki.

Ku je ku zauna da su. Ku gaishe su da ladabi, ku nemi izini, kada ku matsa wa wanda bai shirya magana ba, domin wani ciwon in an taɓa shi sabo yake komawa. In sun ba ku, ku sauya suna, ku sauya gari, ku cire duk abin da zai sa a gane mutum ko a jefa wani cikin haɗari, musamman a rikicin da har yanzu wutarsa ba ta mutu ba. Kada ku ƙara gishiri, abin da ya faru ya ishi kansa. Kuma in kun zo rubuta wanda ake zargi, ku ba shi fuska da uwa da 'ya'ya kamar kowa, ko da a ƙarshe mai laifin ne, don mai karatu ya san nauyin abin da ake yi in an nuna mutum da yatsa.

Lokaci ya yi mana halinsa. Wanda ke da tsohon soja a gida, ko wata baiwar Allah da ta tsallake rijiya da baya, ya samu lokaci a makon nan ya zauna kusa da su da takarda da biro. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a fitintinun nan, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.